Itacen Daji A Cikin Tukunya: 'Yan'uwan Ceɗiya Da Durumi Da Ake Sayarwa A Utako

Duk wanda ya bi manyan titunan da suka ratsa Utako, a birnin Abuja, ya nufi wajen Jabi ko Mabushi da sassafe, zai ga masu sana'ar sayar da furanni sun jera hajarsu a gefen hanya, wasu a cikin baƙar leda, wasu a tukwanen ƙasa, wasu kuma a manyan mazubai na siminti waɗanda sai ƙarti biyu ke iya ɗagawa. Kafin hantsi ya dubi ludayi sun gama ban ruwa, ganyaye suna ta sheƙi. Can sai a ga mota ta tsaya, maigida ko uwargida ta sauke gilashi, a yi ciniki, a buɗe bayan mota a kwantar da wani ɗan itace mai tsawon mutum, a tafi da shi domin ya ƙawata falo, ko ofis, ko ƙofar otal.

A cikin itatuwan da ake yi wa irin wannan saye akwai wasu guda uku da masu sana'ar ke haɗa su da suna ɗaya, watau fikus. Mai saye yakan ɗauka wani baƙon abu ne daga ƙasashen Turai wanda ba shi da dangi a ƙasar nan. Alhali kuwa da zai karya ganye ɗaya ya ga farin ruwan nan mai danƙo da ke tsattsafowa, in dai a ƙasar Hausa ya tashi, da nan take ya tuna da ceɗiyar ƙofar gidansu. Gida ɗaya suka fito. Fikus, da ceɗiya, da durumi, da gamji, da ɓaure, da kawuri, duk 'yan'uwan juna ne, kuma sanin wannan zumunci yana iya raba mutum da asarar kuɗinsa, wani lokaci ma har da asarar katangar gidansa.

Zuriya mai yawa

Masana ilmin tsirrai suna kiran wannan zuriya Ficus da harshen Latin, sun kuma ƙidaya mata iri kamar 850, galibinsu a ƙasashe masu zafi. Ɓauren ƙasashen Larabawa, wanda sura ta 95 a cikin Alƙur'ani mai girma ta ɗauki sunansa, shi ma ɗan gidan ne. Ana gane su da farin ruwan nan mai kama da nono, da kuma wani ɗan kube da ke rufe sabon ganye kafin ya buɗe, wanda in ya faɗi yakan bar zobe a jikin reshe. Amma babbar alamarsu tana cikin 'ya'yansu.

Ba wanda ya taɓa ganin furen ɓaure a waje, domin a cikin ɗan yake. Abin da yara ke tsinta a gindin ɓaure su fasa, wata 'yar jaka ce wadda ɗaruruwan ƙananan furanni ke jere a bangonta ta ciki. 'Yan ƙwarin nan kuwa da akan tarar a ciki, har wasu su yar da ɗan ɓauren saboda ƙyama, su ne masu aikin. Wani ƙwaro ne dangin zanzaro, wanda da ƙyar ya kai ƙwayar gero. Macen takan kutsa ta wata 'yar ƙofa da ke bakin ɗan ɓauren, sau da yawa fukafukanta su karye a hanya, ta shafa wa furannin garin furen da ta ɗauko daga wani itacen, ta zuba ƙwai, ta mutu a ciki. In 'ya'yanta sun ƙyanƙyashe, mazan, waɗanda ba su da fukafukai, su kan huda wa matan hanya, matan su fita ɗauke da garin fure su nemi wani itacen. Galibi kowane irin ɓaure da nasa ƙwaron. Wannan shi ya sa itacen da aka kawo daga wata nahiya ba tare da ƙwaronsa ba ba ya yin iri mai tsirowa, kuma shi ya sa masu sana'ar Utako ba sa shuka iri. Reshe suke yanka su dasa, kamar dai yadda manomi ke yi wa rogo.

Baƙi biyu da ɗan gida ɗaya

Na farko a cikin ukun shi ne wanda ake ce wa itacen roba, Ficus elastica, mai ganye mai kauri da santsi kamar an shafa masa mai, da jan kube a bakin tohonsa. Asalinsa arewa maso gabashin Indiya ne, har zuwa Malesiya da Indunisiya, inda yakan kai ƙafa 100 ko fiye. A da ana tatsar danƙonsa a yi roba. Sai a shekarar 1876 wani Bature ɗan Ingila mai suna Henry Wickham ya kwashi irin wani itace dabam, kamar ƙwaya 70,000, daga Brazil ya kai lambun Kew da ke London, daga nan aka rarraba dashensa zuwa ƙasashen Asiya. Wannan na Brazil ya fi ba da danƙo mai yawa da kyau, shi ne kuma ake nomawa a wajen Benin da Kalaba. Ta haka na Indiya ya rasa kasuwar roba, ya koma itacen ado, suna kawai ya rage masa. Amma a jihar Meghalaya ta Indiya ƙabilun Khasi da Jaintia har yanzu suna amfani da shi ta wata hanya mai ban mamaki. Sukan ja saiwoyinsa masu saukowa daga rassa su miƙa su ƙetaren rafi, su yi ta saƙa su shekara da shekaru har su zama gada mai rai wadda mutane ke bi da kaya. A ƙauyen Nongriat akwai irinta mai hawa biyu. Mai karatu ya riƙe labarin waɗannan saiwoyi, domin za a komo kansu.

Na biyu shi ne benjamina, Ficus benjamina, mai ƙananan ganye masu tsini da rassa masu sunkuyowa ƙasa. Shi ne ya fi kama da ceɗiya, shi ne kuma ya fi yawa a ofisoshi da bankuna. Akan kitsa sandunansa biyu ko uku tun suna ɗanye, su girma a haɗe kamar kitso. Daga kudancin Asiya da arewacin Ostireliya ya fito, kuma birnin Bangkok na ƙasar Tailan ya ɗauke shi a matsayin itacen birnin.

Na uku kuwa labarinsa akwai abin dariya a ciki. Shi ne mai manyan ganyen nan masu faɗin kai da matsattsen ƙugu, wanda ganye ɗaya kan kai inci 18 a tsawo da inci 12 a faɗi. Turawa sun ga ganyen ya yi musu kama da gogensu, sai suka raɗa masa suna ɓaure mai ganyen goge. Wani masani Bajamushe, Otto Warburg, shi ya rubuta bayaninsa a 1894 ya sa masa suna Ficus lyrata. A 'yan shekarun baya babu itacen ɗaki da ya kai shi farin jini a Amurka da Turai, har jaridar New York Times ta yi masa sharhi na musamman a 2016 a kan yadda masu ƙawata gidaje suka ɗauke shi. Daga hotunan irin waɗannan gidaje ne, a mujallu da Instagram, mutanen Abuja da yawa suka fara sha'awarsa. To, ina asalinsa? Kurmin Afirka ta Yamma ne, daga Kamaru zuwa Saliyo, har da kudancin Nijeriya, inda yakan yi ƙafa 40 zuwa 50 ba tare da wani ya ba shi ruwa ba. Ɗan gida ne ya yi yawon duniya ya komo da sabon suna, aka miƙe ana yi masa barka da zuwa kamar baƙo.

Dalilin da ya sa yake zama a tukunya

Abin tambaya shi ne, yaya itacen da ke kai ƙafa ɗari zai yarda ya zauna a tukunya a lungun falo? Amsar tana cikin yadda da yawa daga cikin 'yan wannan zuriya ke fara rayuwa. Tsuntsu ko jemage kan ci ɗan itacen ya je ya yi kashi a kan wani itace, irin ya maƙale a tsakanin rassa inda ɗan ruɓaɓɓen ganye ya taru, ya tsiro a can sama. Ƙasar da yake da ita ba ta fi cikin tafin hannu ba, ruwa sai in an yi sama, haske kuma sai wanda ya ratso ta cikin ganyen mai masaukinsa. A haka zai yi shekaru yana haƙuri, yana sako siraran saiwoyi ƙasa kamar igiya. Ranar da saiwa ɗaya ta taɓa ƙasa, ranar labari ya sake. Saiwoyin su yi kauri, su haɗu da juna, su nannaɗe mai masaukin, sabon itace ya rufe shi da inuwa har ya mutu ya ruɓe a ciki. Duk wanda ya yi tafiya a dajin Arewa ya taɓa ganin giginya a tsakiyar wani itace dangin ceɗiya, kanta kaɗai ya leƙo. Haka kuma 'yan tsiron nan da ake gani a tsagar tsohon gini, ko jikin gada, ko bakin kwalbati, galibi su ne.

Saboda haka tukunya da ƙarancin hasken ɗaki ba su zama masa sabon abu ba. A wurinsa tukunya masauki ce ta jira, kamar waccan tsakanin rassan. A Ingila ko Jamus jiran ba ya ƙarewa, domin in aka fitar da shi waje sanyin da ke daskarar da ruwa zai kashe shi cikin dare ɗaya. A Abuja kuwa babu abin da ke tsare shi sai tukunyar kawai. Ga damina mai tsawo tun daga Afrilu har Oktoba, ga rana, ga ƙasa mai zurfi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

A nan ne mutane ke yin kuskuren da ya fi tsada. Itace ya yi shekara biyu a falo, ya kai rufi, ko kuwa ya fara zubar da ganye uwargida ta gaji da shara, sai a ce da mai gadi ya fitar da shi ya dasa a jikin katanga, ko a ɗan filin da ke tsakanin ɗakin girki da ramin bahayan da ake kira sokawe. Shekarun farko kowa na yabawa, domin ya yi kore shar, ya ba da inuwa wurin ajiye mota. Amma saiwar wannan zuriya mai bin danshi ce, tana tafiya kusa da doron ƙasa, tana kuma wuce iyakar rassa nesa. Duk inda bututun ruwa ke ɗiga, ko gaɓar magudana ta ɗan saki, sai ta zura siririn gashi ta shiga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, in ji Hausawa, amma ita wannan in ta shiga faɗaɗa tsagar take yi. Daga nan daɓen tsakar gida ya fara tudu, ƙofar gida ta daina rufuwa daidai, ruwan wanka ya daina wucewa, a kira mai gyaran famfo ya tona ya zaro dunƙulen saiwa kamar gammo. A unguwa irin Utako, inda filaye ke manne da juna kuma gidajen haya da ofisoshi suka yi yawa, katangar da ta tsage ta mutum biyu ce, kuma rigimar wanda zai biya, mai gida ko ɗan haya ko maƙwabci, takan fi kuɗin itacen sau ɗari. Sare shi ma ba ya kashe magana nan da nan, domin kututturen toho yake yi.

Akwai ma wanda bai dasa ba, ajiye tukunyar kawai ya yi a kan ƙasa a bayan ɗaki ya manta. Saiwa ta bi ta hujin gindin tukunyar ta kama ƙasa. In mutum ya ga itacensa na tukunya ya tashi girma farat ɗaya ba tare da an ƙara masa taki ba, to ya gwada ɗaga tukunyar. In ta ƙi ɗaguwa, aikin gama ya gama. Maganin wannan mai sauƙi ne, a ɗora tukunya a kan bulo ko daɓen siminti, a riƙa juya ta lokaci lokaci.

Yadda ake riƙonsa a ɗaki

Ƙorafin da masu saye suka fi yi shi ne, an kai benjamina gida yana kore, kafin mako biyu ya zubar da rabin ganyensa, sai a ce mai sayarwa ya yi ha'inci. Galibi ba ha'inci ba ne. Ganyen da ya fito a cikin rana ƙirarsa dabam ce da wanda ya fito a inuwa, na rana ƙarami ne mai kauri, na inuwa mai faɗi ne marar kauri. Itacen da ya tashi a gefen titi a tsakar rana in aka shigar da shi ɗaki, ganyensa ba sa iya yi masa aiki a wannan ɗan hasken, sai ya zubar ya sake waɗanda suka dace. Manoman itatuwan ado na garin Apopka a jihar Florida ta Amurka sun sha wannan matsala, har masu bincike na jami'ar jihar suka nuna a shekarun 1970 cewa in aka riƙe itacen a rumfa mai inuwa na wasu makonni ko watanni kafin a sayar, zubar ganyen takan ragu ƙwarai. Mai saye a Utako yana iya yin haka da kansa. Ya zaɓi wanda ya tarar a ƙarƙashin inuwa, ko kuwa ya fara ajiye shi a baranda na wata guda kafin ya shigar da shi ciki. In ya sama masa wuri kusa da taga mai haske, inda rana ba ta dukansa kai tsaye da azahar, to ya bar shi a nan. Ba ya son yawan ƙaura.

Abin da ya fi kashe su kuwa shi ne yawan kirki. Mutum ya ga ganye na zuba sai ya ƙara ruwa, safe da yamma, saiwa ta rasa iska ta ruɓe, ganye ya ƙara zuba, shi kuma ya ƙara ruwa. Ƙa'idar ita ce a zura yatsa a ƙasar tukunya har gaɓa biyu. In da danshi a bari. In ta bushe a zuba ruwa sosai har ya fito ta ƙasa, a zubar da wanda ya taru a faranti. Tukunyar da ba ta da huji kabari ce, komai kyanta. Jar ƙasar Abuja ita kaɗai ba ta yi, domin in ta jiƙe cakwaɓewa take, in ta bushe ta zama kamar tubali, sai an gauraya ta da yashi da ruɓaɓɓen taki. Tukunyar ƙasa kuma ta fi ta roba, saboda tana numfashi kamar yadda randa ke yi. Abin farin ciki, wannan yanki ba ya rasa maginan tukwane. Ƙasar su Ladi Kwali ce, wadda hotonta ke jikin takardar Naira 20, kuma har gobe matan Ushafa da Bwari suna ginin tukwane.

Hunturu yana da nasa sharaɗin. Ƙurar da ke sauka daga Disamba zuwa Fabrairu takan lulluɓe ganye ta tare masa haske, saboda haka itacen roba da mai ganyen goge suna bukatar a riƙa goge su da tsumma mai laushi da ruwa zalla. Masu shafa musu man gyaɗa ko madara don su yi ƙyalli, ƙura suke tara musu. Iskar na'urar sanyaya ɗaki ma busasshiya ce, kada a ajiye itace inda take hurawa. A irin wannan bushewa ne wasu ƙananan ƙwari ke samun dama, wasu farare kamar auduga a hammatar ganye, wasu kamar ƙuraje masu ruwan ƙasa a jikin reshe, suna tsotsar ruwan itacen suna barin wani abu mai yauƙi da ke jawo tururuwa. Ruwan sabulu marar ƙarfi, ko wanda aka jiƙa dakakken irin darbejiya a ciki, yana maganinsu in an maimaita. In za a sauya tukunya ko a rage rassa da saiwa, farkon damina ya fi.

Farin ruwan kuwa a yi hattara da shi. Yana sa ƙaiƙayi a fatar wasu, yana da zafi a ido, kuma in yaro mai rarrafe ko kyanwa suka tauna ganyen yakan ƙona musu baki ya sa amai. Likitoci a Turai sun gano cewa benjamina na tayar wa wasu mutane da atishawa da asma, musamman waɗanda jikinsu ba ya shiri da safar hannu ta roba.

Wani abin da akan faɗa wa mai saye shi ne, wai itacen yana tace iskar ɗaki. Maganar tana da tushe. A 1989 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta gwada wasu tsirrai, har da benjamina, a cikin akwatuna rufaffu, ta ga suna rage wasu gurɓatattun iskoki. Sai dai ɗaki ba akwati ba ne. A 2019 masu bincike a Jami'ar Drexel da ke Filadelfiya sun tattara irin waɗannan gwaje-gwaje suka lissafa, suka ga sai an jera tsiro 10 zuwa 1,000 a kowane murabba'in mita na daɓen ɗaki kafin su yi aikin da shigar iska ta yau da kullum ke yi. Wanda ya sayi itace don ya yi masa kyan gani ya sami abin da ya biya. Wanda ke neman iska mai kyau kuwa, ya buɗe taga.

Na gida, da inuwar da birni ke nema

Kakannin Hausawa sun san halin wannan zuriya sarai, shi ya sa wurin da suka ba ta shi ne dandali, da bakin kasuwa, da ƙofar fada, da filin ƙofar gida inda take da sarari. A gindin durumi ake zaman majalisa, a nan wanzami ke aski, a nan fatake ke sauke kaya, a nan almajirai ke karatu da rana. Har unguwanni suka ɗauki sunayensu. A birnin Kano akwai Durumin Iya, da Durumin Zungura, da Ceɗiyar 'Yan Gurasa, a Abujar ma akwai unguwa sukutum mai suna Durumi. Gamji kuwa, saboda girmansa da faɗin inuwarsa, shi aka zaɓa a yi wa Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, laƙabi da shi, kuma har yau in aka ce Gamji kowa ya san wanda ake nufi. Wani likita ɗan Sikotland, J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Nijeriya ta Arewa, ya buga littafin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, kuma waɗannan itatuwa suna ciki da sunayensu. Danƙon gamji ma ya taɓa shiga kasuwa, Turawa suna kiransa jar robar Kano. Ganyen ceɗiya kuwa abincin awaki ne da rani, lokacin da ciyawa ta ƙare.

Abuja birni ne da aka zana a takarda kafin a gina. Gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa shi da doka a watan Fabrairu, 1976, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, aka kammala babban tsarinsa a 1979, gwamnati ta ƙauro daga Legas a ranar 12 ga Disamba, 1991. Tsarin ya ware filaye masu yawa domin itatuwa da wuraren shan iska. Utako, wadda ke cikin kashi na biyu na ginin birnin, ta zama matattarar kasuwa da tashoshin mota, inda dubban matafiya ke sauka su tashi kullum. A watan Maris, lokacin da zafi kan doshi digiri 40, mai jiran mota a nan zai ga kwalta, da daɓe, da rumfar kwano mai turiri, da dogayen itatuwan nan sirara na jikin katanga waɗanda inuwarsu ba ta isar mutum ɗaya. A bayan gilashin benen da ke kallon tashar kuwa, ga benjamina a tukunya yana shan sanyi, yana zubar da ganye don rashin haske.

Ba laifi ba ne itace ya zama baƙo. Darbejiya ma daga Indiya take, a 1928 aka fara dasa ta a Lardin Borno, yanzu kuwa wa zai iya kwatanta Maiduguri ko Sakkwato ba tare da ita ba? Abin dubawa shi ne a sa kowane itace a muhallinsa. Su ma ceɗiya da durumi da gamji in aka matse su a jikin katanga ɓarnar da za su yi ba ta gaza ta benjamina ba. Amma filin makaranta, da harabar tasha, da filin idi, da maƙabarta, da gefen rafukan da suka ratsa birni, duk wurare ne da saiwa za ta miƙe ba ta taɓa ginin kowa ba, kuma a nan ne ba a cika ganinsu ba. Masu sayar da furanni abin da ake nema suke kawowa. Da wuya mutum ya tsayar da mota ya tambayi dashen durumi, shi ya sa da wuya a gan shi a jerin hajarsu.

Ga shi kuwa dashensa bai kai na fikus wahala ba, ba ya ma bukatar leda. In damina ta zauna, wajen watan Mayu ko Yuni, akan sami reshen ceɗiya ko durumi mai kaurin damtse, wanda ya fi mutum tsawo domin kada akuya ta kai ga tohonsa, a sassabe ganyen, a bar shi kwana ɗaya ko biyu a inuwa farin ruwan ya tsane. Sa'an nan a haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya, nesa da gini da bututu, ƙafa talatin ko fiye in da hali, a kafa shi, a danne ƙasa da kyau, a kewaye shi da ƙaya. Kafin ruwa ya ɗauke ya yi toho. Rani na farko ne kaɗai yake son a riƙa taimaka masa da bokitin ruwa sau ɗaya ko biyu a mako.